Amsa: Kwana nawa ne na shigar da ƙarar zaɓen fid da gwani?

Barista, ka tambaya ko wanda kake karewa zai iya jira jam'iyya ta amsa kokensa kafin ku tafi kotu. Kada ku jira. Sashe na 285(9) na Kundin Tsarin Mulki kwana 14 kacal ya ba ku daga ranar da abin da kuke ƙara a kansa ya faru, kuma kotu ba ta da hurumin ƙara ko yini guda. Ni da ranar zaɓen nake fara ƙirga, har Asabar da Lahadi.

Na taɓa ganin lauya a rajistar (ofishin shigar da ƙara) Babbar Kotun Tarayya ta Gusau, fayil a hammata, gumi sharkaf, ranar ta 15. Hujjojinsa masu kyau ne, amma alƙali ko leƙa su bai yi ba.