Hannun da ke gefen aiki: a ajiye shi ko a motsa shi?

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: hannun da ke gefen da aka yi wa aikin sankarar mama, da fargabar kada ya kumbura. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata uku ke nan da aka cire mini maman dama, aka kuma kwashe ƙwayoyin kaluluwar hammata. Surukata da yayyena sun hana ni taɓa komai da hannun, ko tsintsiya, ko buta, wai zai kumbura. Yanzu kafaɗar ta sandare, ɗaurin ɗankwali ma da ƙyar nake yi. Da gaske yin aiki da hannun ne ke kawo kumburin? Daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ƙauna ce ta sa 'yan'uwanki suka hana ki, kuma ba su suka ƙirƙiro maganar ba, shekara da shekaru abin da asibitoci ke gaya wa mata ke nan. Sai dai ilimi ya riga ya wuce wurin.

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu 'yan siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe ruwan da ke tsattsafowa a ƙarƙashin fata da cikin tsoka, su mayar da shi cikin jini. Ruwan hannu ta hammata yake bi, ta cikin 'yan ƙwayoyin nan da ke yin kaluluwa idan mutum ya ji ciwo a yatsa. Ta nan ne kuma sankarar mama ke fara bi idan za ta yaɗu, shi ya sa likitan tiyata ke kwashe su. In an kwashe, ko an gasa wurin da na'ura, hanya ta ragu ke nan, kamar unguwar da babbar kwatarta ta toshe: ruwa zai nemi ƙananan hanyoyi, in sun ishe shi shi ke nan, in ba su isa ba ya kwanta. Wannan kwanciyar ruwa a hannu ita likitoci ke kira limfedima.

Ba kowace mace take samu ba. Cikin waɗanda aka kwashe wa ƙwayoyin hammata da yawa, kamar mace ɗaya ce cikin 5. Waɗanda aka cire wa ɗaya zuwa uku kawai don gwaji, kamar ɗaya cikin 20. A wajenmu da yake galibi sai ciwo ya yi nisa ake zuwa asibiti, kwashewa da yawa ta fi yawa. Kumburin kuma ya fi bayyana a shekara 2 zuwa 3 na farko, kodayake yana iya zuwa daga baya.

To ga inda maganar hutu ta rushe. Jini yana da zuciya mai harba shi. Wannan ruwan ba shi da ita. Motsin tsoka da numfashi ne ke taimaka masa ya yi sama. Hannun da aka rataye ba ya motsi, an raba shi da mataimakinsa.

An gwada wannan. Wata mai bincike, Kathryn Schmitz, da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun sa mata ɗaga ƙarfe sau 2 a mako har shekara guda, ana farawa da marar nauyi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A sakamakon da suka fitar a 2009, kan mata 141 masu kumburin, ɗaga ƙarfen bai ƙara girman hannu ba, kuma kashi 14 cikin 100 ne kumburinsu ya tsananta, alhali cikin waɗanda ba su ɗaga ba kashi 29 ne. A 2010 suka fitar da na matan da ba su kai ga kumbura ba. Cikin waɗanda aka cire wa ƙwayoyi 5 ko fiye, kashi 7 na masu ɗaga ƙarfe ne suka kumbura, na masu zama kuwa kashi 22.

Abin da hannun ba ya so shi ne bazata. Wata uku yana kwance, ranar suna kuma a ce ke za ki sauke tukunyar taro daga murhu. Don haka ki fara daga ƙasa. Ki tsaya gab da bango, ki ɗora yatsu, ki riƙa hawa da su a hankali har ki ji wurin ya ɗan ja, ki tsaya ki ja numfashi sau uku, ki sauko. Ki kwanta rigingine, ki riƙe muciya da hannu biyu, ki kai ta sama da kanki, lafiyayyen hannun yana jan ɗan'uwansa. Safe da yamma. Bayan mako ɗaya ko biyu ki ɗauki robar ruwa ta rabin lita, ki lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe sau 10, ki ɗaga gefe sau 10. In kwana biyu suka wuce ba nauyi ba kumburi, ki ƙara kaɗan. Shara, wanke-wanke da girki ki koma musu yanzu. Daka, jan guga da matse manyan zannuwa su ne na ƙarshe, kuma da ɗan kaɗan za ki fara. Duk lokacin da rashin lafiya ta sa kika yi mako biyu ba ki yi ba, ki koma baya ki sake hawowa.

Kafaɗar da ta riga ta sandare tana buƙatar likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya gan ta. Manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen. In za a gasa miki wurin da na'ura ma, sai hannu ya iya kaiwa sama da kai kafin a kwantar da ke a na'urar. Wadda kuwa aikinta sabo ne, robar tsotse ruwa na jikinta, kada ta ɗaga hannu ya wuce kafaɗa sai likitanta ya ba ta izini.

Tambaya: Likita, maiɗakina tana karɓar allurar kimo, wato maganin kashe sankara, duk bayan mako 3. Gajiya take yi sosai, wuni take a kwance. Wata nas ta ce ta riƙa tattaki. Ni kuwa gani nake wahalar da ita za a yi. Daga Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi mata. Nas ɗin ta yi gaskiya. Gajiyar kimo ba irin ta aiki ba ce da barci ke kawar da ita. Yawan kwanciya narkar da tsoka yake yi, gajiyar ta ƙaru. Cikin duk abin da aka gwada a kanta, motsa jiki na sahun gaba.

Abin da ake son a kai shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa kwana 5. Amma ba da shi ake farawa ba. Minti 10 bayan asuba, ko in rana ta yi sanyi bayan la'asar, ko da zagayen tsakar gida ne. Numfashi ya ɗan ɗaga, amma tana iya hira. Ka taka mata. Matan da ake rakawa sun fi ɗorewa. Kwana biyu ko uku bayan allura, in jiki ya ƙi, ta yi abin da ya samu, ko tashi da zama daga kujera sau biyar ne.

Akwai ranakun da ba a fita. In zafin jikinta ya kai 38, asibiti za ku nufa a daren nan, ba kemis ba, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura lokacin da sojojin jini masu yaƙi da cuta ke yin ƙasa. Haka in tana jiri, ko ƙirji na ciwo, ko haki daga ɗan motsi. In maganinta irin su paclitaxel ne, tafin ƙafa na iya yin dindiris, sai ta sa takalmi mai rufi ta guji wuri mai gargada. In an ce ciwon ya taɓa ƙashi, kada ta ɗaga nauyi sai da shawarar likitanta.

Sai wata magana da dangi ba sa son ji. Mata da yawa ƙiba suke yi lokacin jinyar nan, saboda zama, da wasu magungunan, da kwanukan masu dubiya. Ƙiba ba alamar warkewa ba ce, tana ma cikin manyan abubuwan da ke jawo kumburin hannu. A ba ta wake, ƙwai, kifi, zogale da sauran ganye, a rage lemon kwalba da kayan soye-soye.

Tambaya: Shekara ɗaya da rabi da yi wa mahaifiyarmu aiki. Yanzu hannunta na hagu ya kumbura har awarwaronta ba ya fita. Kawunmu ya ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho a zuƙe mugun ruwan. Mai kemis kuma ya ba mu ƙwayar sa fitsari. Wasu na cewa tundurmi ne. Me za mu yi? Daga Azare.

Amsa: 'Yata, ki gaishe da Kawu, ki ce likita ya roƙi arziki: kada aska ta taɓa hannun nan. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Ruwan da ya kwanta a wurin cike yake da abin da ƙwayoyin cuta ke ci, masu gadin wurin kuma, wato ƙwayoyin hammata, an kwashe su. Ƙaramar kafa ta ishe su shiga. Sai fata ta yi ja, ta ɗauki zafi, zazzaɓi da rawar sanyi su rufe mutum cikin awoyi. Kowane irin wannan kamu yana ƙara lalata 'yan hanyoyin da suka rage, hannu ya fi da kumbura. Duk ranar da kuka ga waɗannan alamu, da ƙaho ko ba ƙaho, ranar za ta ga likita a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ƙwayar fitsari ku daina ba ta, sai fa in likita ne ya rubuta mata don hawan jini ko zuciya. Ruwan jiki take ja, ta bar kaurin a hannu, ta kuma wahalar da ƙoda. Gasawa da ruwan zafi ma ƙara kwararo ruwa wurin yake yi. Batun tundurmi kuwa, kama ce kawai: shi tsutsa ce da sauro ke yaɗawa take toshe hanyoyin, na Mama kuwa aiki ne ya rage su, maganin tsutsa ba abin da zai yi mata.

Matakin farko, ta koma wajen likitan da ke duba ta. Dole a tabbatar ba gudan jini ne ya toshe jijiya ba, kuma ba ciwon ne ya dawo hammata ba. In an kawar da waɗannan, sai fisiyo. Za su naɗe hannun da bandeji na musamman hawa-hawa daga yatsu zuwa kafaɗa na wasu makonni, su koya muku wata shafa mai taushi da ke kora ruwan zuwa inda hanya take a buɗe. Shafa ce, ba tausa ba. Dannawa da ƙarfi ɓarna take yi. In ya saɓe sai a auna ta a ba ta safar hannu mai matsewa, ta sa da rana, ta kuma yi motsa jikinta da ita. Kada ku sayi bandeji ku ɗaure da kanku, ɗaurin da ya fi tsauri a sama tare ruwan yake yi a ƙasa. Awarwaron nan a cire shi yau, ko da sai maƙeri ya yanka.

Ba na ce zai warke kwata-kwata ba. Ana dai shawo kansa, kuma wanda aka kama da wuri, tun yana laushi yana saɓewa da dare, ya fi jin magani nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake son duk wadda aka yi wa aikin ta mallaki tef irin na tela. Sau ɗaya a wata ta auna hannu biyun, a wuyan hannu, da santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da 10 sama da ita, ta rubuta. In wuri ya ƙaru da santimita 2, ko zobe ya fara matsewa, ko hannun riga ɗaya ya fi ɗaya kamawa, ko tana jin hannun ya yi nauyi, ta je a duba.

Tambaya: Ina da niyyar Umra. An ce jirgi na kumbura hannu, kuma har abada ba a auna jini ko yin allura a gefen. Daga Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a je a sa'a. Wani bincike da aka yi a asibitin Massachusetts General na Boston, aka fitar a 2016, ya bi mata sama da 600, bai ga hawa jirgi, ɗibar jini, allura ko awon hawan jini sun ƙara girman hannu ba. Kamuwar fata da ƙiba ne suka fito fili. Duk da haka, in ɗaya hannun lafiya yake a yi amfani da shi. In babu hali kada ki ƙi magani saboda tsoro. In kina da kumburin, ki sa safarki a jirgi. Ki riƙa dunƙule hannu kina buɗewa, ki sha ruwa, kada ki rataya jaka a kafaɗar, akwati kuma ki bar wa ɗan rakiya. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, don haka ki fara tattaki tun yanzu.

Tambaya: Bikin ƙanwata ya matso. Zan iya yin lalle da gyaran jiki? Daga Zariya.

Amsa: Jan lalle na gargajiya ba laifi in fatar lafiya take, ba tsagewa ba ƙurji. Baƙin nan mai kamawa nan take ki bar shi, yawanci akwai sinadarin rinin gashi a ciki, yana tayar da bororo. Halawa da gurzar dilka su tsallake wannan hannun. Gashin hammata kuma kada ki sa reza, don wurin kan mutu bayan aiki, ki yanke ba ki ji ba. Ki yi da almakashi ko injin aski, a gaban madubi. In ana cikin gasa miki wurin da na'ura, kada ki taɓa wurin sai kin tambayi masu yi miki. Da hunturu ki riƙa shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka da bayan alwala don kada fata ta tsage, ki kwana cikin gidan sauro, in kuma wuƙa ko mai ya taɓa ki wajen girkin biki, ki wanke da sabulu nan take, ki rufe, ki sa ido a wurin kwana biyu.