Da'ira mai juyawa ba ta ƙara wa shafi sauri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Samaru, sana'ata gina shafukan intanet. Wata makarantar kuɗi za ta ɗauke ni in riƙa kula da shafinta. Da na duba Glassdoor, shafin da ke nuna albashin ma'aikata, sai na ga albashin da ya ninka tayinsu, hankalina ya tashi, ko cutata za su yi? Kuma mai makarantar ya ce shafin yana da nauyi, in sa masa da'irar nan mai juyawa da ke fitowa kafin shafi ya buɗe, da tambarin makaranta, don ya yi sauri. Ina tsoron in yi gardama in rasa aikin.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, maganar albashin ita ce mai sauƙi. Alƙaluman Glassdoor da irinsa PayScale mutane ne ke shigar da su da kansu, kuma na Najeriya galibi daga Legas da Abuja suke, ko daga masu yi wa kamfanonin waje aiki da dala. Duba shekarar da aka shigar ma. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500, don haka tsohon adadi bai da amfani gare ka. Ka nemi tallan aiki na yanzu a Jobberman da LinkedIn, na Kaduna da Kano, ka tambayi mutum biyu ko uku da suka riga ka a sana'ar. Sannan ka tambayi makarantar: kuɗin da suka faɗa, kafin cire haraji da kashi 8 na fansho ne ko bayan an cire? Wa zai sayi data?

To, sai da'irar. Wallahi na gaji da wannan magana. Kusan kullum sai an kawo min shafin da aka lulluɓe da ita, mai shi yana murna wai an gyara. Ba a gyara komai ba, an rufe tukunya ne alhali ba a hura wuta ba. Yawancin irin waɗannan labulen suna jiran sai kowane hoto da kowane fayil ya gama sauka kafin su yaye. Ke nan rubutun da mahaifi zai iya karantawa tun a daƙiƙar farko an ɓoye masa shi sai hoton taron yaye ɗalibai mai megabait biyar ya iso. Wasu masu koyar da aiki a mako biyu har jinkirin ganganci suke sawa, daƙiƙa uku ko huɗu, don tambari ya gama rawa. Kwanaki na buɗe wani shafi na tarar hoton da'irar kansa ya fi duk rubutun shafin nauyi.

Ka tuna wa zai buɗe shafin nan. Ba kai ba ne da kwamfutarka da wayifai. Mahaifiya ce a Tudun Wada riƙe da ƙaramar Itel, sabis sanda biyu, data ta kusa ƙarewa, tana neman ranar komawa makaranta. Tun 2016 Google ya fitar da cewa kashi 53 na masu buɗe shafi a waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa 3, kuma ma'auninsa na yau shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Inda abin ke zama haɗari shi ne wurin biyan kuɗin makaranta. Mutum ya danna, da'ira na ta juyawa, ba ta ce an karɓa ba, ba ta ce an kasa ba. Sai ya sake dannawa, a cire masa kuɗi sau biyu, ya kwashe mako yana zarya a bankunan PZ da ke Zariya yana cike fom. A nan ne alamar jira take da aiki na gaske: ka kulle maɓallin bayan dannawar farko, ka rubuta "ana aika kuɗinka, kada ka sake dannawa", idan kuma ya daɗe ka faɗi abin da ya faru. Kuɗin mutane amana ne, ƙanena, za a tambaye ka.

Mai makarantar kuwa, kada ka yi musu da shi da baki. Sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google da ke auna saurin shafi, ka ajiye sakamakon. Rage girman hotunan, ka mayar da su WebP, nau'in hoto marar nauyi, ka sa na ƙasa su jira sai an gangaro kansu. Idan dole sai an nuna wani abu, yi irin akwatunan toka-toka da Facebook ke nunawa kafin labari ya fito, da CSS kawai, wato lambar tsara kamannin shafi. Daga nan ka ari wayar maigadin makarantar, ka buɗe tsohon shafin da sabon a gaban mai makarantar, shi ya riƙe agogo.