Tsingaron Surame

Amaryata, saƙonki ya iso. Kin ce malamanku sun kai ku kufan Surame, kin duƙa za ki ɗauki tsingaro ki sa a jaka, mai gadi ya hana ki, shi ne kike tambaya ko al'ada ce ko dokar gwamnati. Duka biyun ne, amma al'adar ta girmi dokar nesa ba kusa ba.

Mu da muka tashi, ba a shiga kufai sai da sallama, ba a yin fitsari a gindin tsohuwar ganuwa, ba a kwasar dutsenta a kai gida a yi harsashin ɗaki. Iyayenmu mata cewa suke wurin na da masu shi, su mutanen ɓoye, kuma wannan tsoron ya tsare kufai fiye da kowane mai gadi. Malamai kuwa nasu bayanin ya fi kwanta mini: duk inda aka yi gari akwai makwantai, ba ki san kan wa kike tsaye ba.

Surame ba ƙaramin wuri ba ne. Muhammadu Kanta ya gina shi a ƙarni na 16 bayan ya yi wa daular Songhai tawaye, nan ne fadar Kabi har farkon ƙarni na 18 da sarauta ta koma Birnin Kabi. Ki tuna ganuwar da kika gani, dutse ne aka jera da laka, alhali Kano da Zazzau da ƙasa suka yi nasu. Tsofaffi na ba da labari cewa Nufawa sun makara zuwa aikin gayya, sai Kanta ya sa suka kwaɓa nasu rabon da man kaɗanya maimakon ruwa. Ke da ba kya son wanke-wanke, da Kanta ya same ki!

A 1964 gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma Najeriya ta miƙa sunansa ga UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, don neman a sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Masu haƙar tarihi suna duba zurfin da tsingaro yake da abin da ke kusa da shi, toka ce ko ƙashi, su gane zamaninsa. In ya shiga jakarki ya zama fasasshiyar tukunya kawai.

Ki gaida mamanki. Ki turo mini hotunan da kuka ɗauka, ta wayar kawunki, tawa ba ta buɗe hoto.