Ɗakin talabijin na makaranta: me ya kamata a fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata sakandare a Azare. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana ɗan kuɗi mu buɗe ɗakin talabijin, yara su riƙa karanta labarai da yin muhawara. An ba mu shawara mu sayi babbar kyamara guda ɗaya irin ta masu ɗaukar biki. Ya kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa iyayen nan da alheri. In za ku ji tawa, kada ku juye kuɗin nan duka a kan kyamara ɗaya.

Ku fara da sauti. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar ƙarar fanka da janareto sun danne muryar yaro, ya wuce. Ku nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1, ko da guda biyu. In ɗaliba ce, a maƙala shi a wajen hijabi, don in yana ciki, gogar yadi kaɗai za a riƙa ji.

Sai kyamara. Ƙananan kyamarorin bidiyo na hannu guda biyu, irin Sony Handycam ko Canon ko Panasonic, sun fi muku babba ɗaya: ɗaya ta ɗauko teburin duka, ɗaya ta tsaya a fuskar mai magana. Yawancin kyamarorin hoto na DSLR, wato manyan nan da ake sauya musu gilashin gaba, suna yanke ɗauka kafin minti 30, wasu kuma su ɗau zafi su mutu, ga shi a Maris da Afrilu zafin ƙasar Katagum yana kai maki 40. Muhawarar yara ba ta jiran kyamara ta huce.

Kafin ku miƙa ko sisi, ku sa mai shago ya jona kyamarar da talabijin a gabanku ta wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto da sauti zuwa allo. In kun ga alamar batir da lambobi a kan allo, kuma babu yadda za a kashe su, ku ajiye masa kayansa, domin haka za su fito a shirinku. Ku kuma duba saitin ɗauka. Wutar lantarkinmu hez 50 ce, wato tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka tana ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, a ƙarƙashin fitilunmu sai hoton ya riƙa ƙyaftawa. Ku nemi mai ɗaukar 25 ko 50.

Abin da ke shigar da hoton cikin kwamfuta ɗan ƙaramin kati ne mai kama da filashi, HDMI a kai ɗaya, USB a ɗaya kan. Masu arha da yawa an rubuta musu 4K a kwali, wato hoto mai kaifi sosai, alhali abin da suke miƙa wa kwamfuta bai wuce 1080 ba, wanda bai kai 4K kaifi ba. Wannan ya ishe ku, kada dai a caje ku kuɗin 4K. Kowace kyamara da katinta, sannan ku sauke manhajar OBS Studio mai haɗa hotunan kyamarori a shiri ɗaya, kyauta ce, a zaunar da ɗalibi yana sauya hoto daga wannan zuwa waccan. A kujerar nan ce yaro zai fi koyon aikin. ATEM Mini na kamfanin Blackmagic, na'urar sauya hoto mai karɓar kyamara 4, kaya ne mai kyau, amma ya jira baɗi.

Ku ware kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da na akwatin ajiye kaya saboda ƙurar hunturu. Wayar HDMI kuma kada ta wuce mita 10.

Tambaya: Ni malama ce a Gombe, ba mu da kuɗin kyamara sam. Wayar hannu za ta yi?

Amsa: Za ta yi, Malama, ku fara gobe ma. A ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, a kwance, yara su fuskanci taga, hasken ya sauka a fuskarsu. Manhajar DroidCam tana haɗa waya da OBS. Kuɗin farko da ya shigo, makirufo za ku saya.