Goge Suna Kaɗai Ba Ya Ɓoye Mutum

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala bincike kan zuwan mata awon ciki a ƙananan hukumomi uku. Wani ofishin gwamnati ya nemi fayil ɗin amsoshin don tsara aikinsa. Na goge sunaye da lambobin waya. Hakan ya wadatar? Daga wata malamar jami'a, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bai wadatar ba. Duba layi ɗaya a fayil ɗinki: shekara 17, ciki na uku, miji limami, ƙauye kaza. Babu suna, amma duk ɗan ƙauyen da ya karanta ya san ko wace ce, ya kuma ga abin da ta faɗa game da ɓarin da ta yi.

An daɗe da gwada wannan. A 1997 Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Kambirij a jihar Masachusas ta Amurka kan dala 20, ta haɗa ta da bayanan asibiti da aka saki ba sunaye, ta fito da na gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar shiyyar gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka aikin a kan sauran ginshiƙan fayil ɗin yake. Mayar da shekaru rukuni na biyar-biyar, 15 zuwa 19, 20 zuwa 24. Cire sunan ƙauye, ki bar ƙaramar hukuma. Sana'ar da mutum ɗaya ko biyu ke yi a gari, kamar limanci ko sarauta, sa ta cikin rukuni mai faɗi. Sannan ki ƙirga: duk haɗin shekaru da wuri da sana'a da ya faɗa kan ƙasa da mata biyar, ki haɗe shi da na kusa da shi ko ki cire. Wasu cibiyoyi goma suke ɗauka, kuma ga bayanan lafiya mu ma goman muka fi so.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne abin da ba a gani da farko. Idan da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ODK kika tattara, fayil ɗin na iya ɗauke da lambar wayar da aka yi aiki da ita, lokacin hira, da GPS na ƙofar gidan. Masu binciken al'umma da lafiya na gida-gida, wato DHS, wanda Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa a Najeriya, sukan gusar da wurin da gangan kafin su saki: har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara. Ginshiƙin da aka ɓoye a Excel yana nan daram, danna biyu ya dawo da shi. Amsoshin da matan suka yi da bakinsu kuwa sai an bi su layi-layi, don a nan ake samun "kishiyata Ladi" da sunan unguwarzoma. In kuma kin musanya sunaye da lambobi kin ajiye makullin a wani fayil, a idon Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 har yanzu bayanan mutane ne.

Koma ki karanta takardar amincewar da aka karanta wa matan. Idan ta ce ku masu bincike kaɗai za ku gani, sai kin koma kwamitin ɗa'ar bincike da ya ba ki izini. Idan ya yarda, a rubuta yarjejeniya: don me za a yi amfani da shi, wa zai buɗe, yaushe za a goge, kuma ba za a tura wa wani ba. Kada ki aika ta WhatsApp. In fayil ɗin ya fita ya jefa matan cikin haɗari, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC. Amma kafin duk wannan, tambayi mutanen ofishin abin da suke son sani. Sau da yawa jadawalin jimilla shafi biyu ya ishe su.

Tambaya: Kwamitinmu zai raba tallafi, an kawo shawarar kwamfuta ta ba kowane gida maki ta zaɓi mabuƙata, don a huta da zargin son kai. Me bincike ya nuna? Daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, Gusau.

Amsa: Malam, kwamfuta ba ta da ɗan uwa, amma abin da aka zuba mata shi take aunawa. Irin wannan makin daga kadara ake fitar da shi: rufin kwano, babur, rediyo, yawan ɗakuna. Bazawarar da ke zaune a gidan gado mai kwano, ba ta da ko tiya ɗaya a rumbu, sai ta faɗi. Gidan da magidanta huɗu ke ciki, kowa da tukunyarsa, in an rubuta shi gida ɗaya, uku sun ɓace. Rajistar da ta shekara uku ba ta san wanda ya yi gudun hijira ba.

A Holan hukumar haraji ta yi amfani da na'ura wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, har zama ɗan ƙasa biyu ya shiga ma'aunin zargi. Dubban iyaye aka tilasta wa mayar da kuɗi bisa kuskure, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021.

Dokar 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ta kuma wajabta auna haɗari a rubuce kafin aiki irin wannan. A aikace, ku ɗauki gida hamsin da makin ya kayar, ku je ku gani da ido tare da mai unguwa da wakiliyar mata. Ku liƙa ma'aunan a fili, ku ware mutum da rana don sauraron koke, mai ikon sauya sakamako.

Tambaya: Muna bincike da abokan aiki a Katsina. Dokar wace ƙasa za mu bi? Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

Amsa: Duka biyun. Nijar na da dokarta tun 2017 da hukumar kare bayanai, HAPDP, a Yamai, kuma kowace ƙasa ta sa sharaɗi kan fitar da bayanan mutanenta waje. Mafi sauƙi, kowane ɓangare ya riƙe ɗanyen fayil ɗinsa a gida, jimilla kawai ta ƙetare iyaka.