Yadda ake sa ruwan kogi ya fito sumul a hoto

Ɗan'uwa daga Nima, ka ce ka je Kogin Densu wajen Weija da tsakar rana, ruwan ya fito fari fat, babu wannan laushin da kake gani a hotunan wasu. Rana ce ta yi maka aika-aika. A Accra tana fitowa wajen ƙarfe 6, don haka ka isa bakin ruwa da an idar da Asuba, ko ka bari sai bayan La'asar sakaliya.

Laushin ruwa kuwa daga jinkirin ɗauka yake zuwa, wato barin idon kamara a buɗe ya ɗan jima yana karɓar haske. A saitin kamara, ka sa ISO (ƙarfin jin haskenta) a 100, faɗin ƙofar haske a f/11, lokacin ɗauka tsakanin rubu'in daƙiƙa da daƙiƙa 1. Ya wuce haka, a rafi mai gudu, sai ruwan ya koma kamar koko, zanen igiyarsa ya ɓace. Hannu ba ya riƙe wannan, dole sai ka ɗora kamara a kan maɗori mai ƙafa uku, sannan ka sa jiran daƙiƙa 2 domin taɓa maɓalli kaɗai na girgiza kamara. In haske ya yi yawa, ɗaura filtar ND, wato gilashi mai duhu da ake sawa a gaban idon kamara, mai rage haske mataki 6 (kowane mataki na rage rabin hasken). Filtar CPL, wani gilashin da ake iya juyawa a gaban idon kamara, ita ke cire ƙyallin saman ruwa, juya ta a hankali har duwatsun ƙasa su bayyana.

Ka durƙusa, ka sa dutse ko kwalekwale a gaba, kogin ya shigo daga kusurwar hoton. Da hunturu ƙura na kashe launi, gara damina, amma ka guji ƙasan madatsar Weija in an buɗe ƙofofi.