Tulun Tokar Mamaci na Ƙarfe: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Zuba Jari

Wani ɗan kasuwa mazaunin Ingila, mai saro tire da kaskon turare da kayan adon tagulla daga Indiya yana sayarwa ta intanet, ya aiko da tambaya. Kamfanin da yake sara a wurinsu a garin Moradabad sun yi masa tallar tulunan ƙarfe da ake zuba tokar mamaci bayan an ƙona gawa, suna cewa sun fi tire riba. Yana so ya san irinsu, da wanda ya kamata ya ɗauka.

Alhaji, bari in fara da abin da na san yana ranka. Musulunci bai yarda da ƙona gawa ba, kuma hukuncin sayar wa wanda ba Musulmi ba mazubin da zai adana tokar ɗan'uwansa magana ce ta malamai. Ka je wurinsu kafin ka tura ko sisi. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka tsaya a tirenka, ba ka yi asara ba. Abin da ya rage nawa shi ne bayanin kayan da kasuwarsu.

Kasuwa akwai ta a inda kake. A Birtaniya kusan kashi 80 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi, a Amurka an haura kashi 60. Sai dai ba kowace toka ce take shiga tulun ƙarfe ba. Iyalai da yawa a Ingila watsa ta suke yi a lambu ko a teku, maƙabartun coci da dama kuma sun fi son akwatin katako ko a zuba tokar a ƙasa kai tsaye. Gida Najeriya kada ma ka sa shi a lissafi. Jihar Legas ta yi dokar da ta halatta ƙona gawa a 2013, amma masu yi kaɗan ne, a Arewa kuwa babu.

Yawancin abin da Moradabad ke fitarwa tagulla ce mai ruwan ɗorawa, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Tana da nauyi, ba ta tsatsa, tana karɓar zane. Akwai ta biyu, haɗin jan ƙarfe da kuza, wadda ta fi duhu da tsada, sau da yawa zubi ake yi mata. Alminiyam shi ne mai araha, kuma rashin nauyinsa yana rage maka kuɗin aikawa, amma yana loɓawa in ya faɗi. Sai farin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu son abu marar ado suke nema. In samfuri ya iso, ka kai masa maganaɗisu. Tagulla ba ta kama shi; in ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Ka kankare ɗan wuri daga ciki, in fari ya fito a ƙarƙashin rawaya, to ba tagulla ba ce, wani ƙarfen aka rina maka.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne gamawar jikin tulun, wato guga da shafin da ake yi masa daga waje, domin mai saye hoto yake gani, kuma a nan ake mayar da kaya. Tagullar da aka goge tana ƙyalli dole a shafe ta da fenti marar launi mai kare ta daga iska, in ba haka ba cikin watanni za ta dusashe, sawun yatsu ya zauna mata. In shafin ya yi siriri, danshin kwantena a kan teku kaɗai ya isa ya fito mata da ɗigo-ɗigo baƙaƙe tun ba ta iso ba, don haka ka sa su saka ƙunshin maganin danshi a kowane kwali. Akwai wadda ake yi wa ruwan nikel ta koma kamar azurfa, sannan a yanka zane da hannu har rawayar ƙasa ta bayyana. Tana da kyau ƙwarai, amma ka duba bakin zanen ko ruwan yana ɓarewa. Akwai mai gogen burushi marar ƙyalli da wadda aka tsufar da launinta da gangan, su biyun suna ɓoye ƙarzuwa, shi ya sa na fi so sabon shiga ya fara da su. Fentin gari da ake fesawa a gasa a tanda yana da ƙarko, shi ake yawan yi wa alminiyam. Mai ruwan tangaran kala-kala ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma ta fi saurin tsagewa a hanya.

Girma kuma ba a kintace. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce tulun babban mutum ya ɗauki kimanin lita 3.3, wanda ya isa mai nauyin kilo 90. Ka auna da shinkafa da kanka, ka rubuta a talla. Murfi ya zama mai murɗi, ya shiga sumul, ya kulle. Iyalin da suka buɗe kwali ana gobe taron jana'iza suka tarar murfi ba ya zama, ko toka ta ƙi shiga duka, mayar musu da kuɗi ba zai share abin da ka jawo musu ba, kuma za su rubuta a shafinka kowa ya gani. Ka kuma faɗa wa masu tafiya da toka a jirgi cewa na'urar binciken filin jirgi ba lallai ta ga cikin ƙarfe mai kauri ba, a Amurka kuma jami'an ba sa buɗe tulun, hana shi wucewa suke yi.

In ka yanke za ka shiga, ka nemi samfuri uku ko huɗu, ka ajiye su wata biyu kusa da taga kana taɓa su da hannu. Odar farko ta zama ƙarama, rabinta ƙananan tuluna da 'yan'uwa ke raba toka a ciki da na karnuka da kyanwoyi, waɗanda ba su cin jari kuma aikawarsu da sauƙi. Kada ka biya cikon kuɗi sai an turo maka bidiyon kayan da aka ɗaure, ana murɗa murafensu ɗaya bayan ɗaya.